Tseren laimar iska a kan ruwa: mai famfo ko mai aljihuna?

Mai kallon talabijin da ya ci karo da tseren laimar iska a gasar Olamfik ta Paris 2024, wanda aka yi a tekun Marseille, ya ga abin mamaki: mutum tsaye a kan allo, laima tana jan sa, allon kuma ya ɗaga sama da ruwa saboda wani fiffike da ke maƙale a ƙarƙashinsa.

Laimar iri biyu ce. Ta farko ana hura mata iska da famfo kamar tayar keke. 'Yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi rajistar ƙirarta a 1984. In ta faɗa ruwa ba ta nutsewa, tayar da ita kuma ba wuya, shi ya sa masu koyo suka fi son ta.

Ta biyu ba ruwanta da famfo. Yadi ne ninki biyu, an ɗinka shi aljihu-aljihu, iskar da take kaɗawa ce ke cika shi. Ba ta da nauyi, tana tashi ko da iska ta yi rauni, kuma ta fi iya tunkarar iska, inda yawanci ake cin tsere. Sai dai tana da rigima: siraran igiyoyinta masu yawa kan sarƙe, in ta daɗe kwance a ruwa sai ta sha ta yi nauyi, ga tsada. Duk da haka da ita aka fafata a Marseille, inda Ellie Aldridge ta Birtaniya da Valentin Bontus na Austriya suka ci zinare.