Cinikin Manyan Jiragen Kwaikwayo Na Hannu: Abin Da Ke Ɓoye A Ƙarƙashin Fenti

A ƙarshen hunturu, garin Feri da ke jihar Jojiya ta ƙasar Amurka yakan karɓi baƙuncin wata irin kasuwa wadda ba a cika ganin irinta ba. Hajar da ake bajewa a kan tebura ita ce jiragen sama na kwaikwayo, wato ƙananan jirage waɗanda mutum ke tsayawa a ƙasa yana sarrafa su da akwatin rediyo. Akasarinsu na hannu ne, kuma daga cikinsu akwai ƙatta waɗanda faɗin fukafukansu ya zarce tsawon mutum. A wajen ma'abota wannan sha'awa, jirgi yakan shiga sahun manya idan fukafukinsa ya kai inci 80, wato kimanin mita 2, ko inci 60 ga mai fukafuki hawa biyu, ko kuma idan ya kai rubu'in girman jirgin gasken da aka kwaikwaya. Abin mamaki shi ne, jirgin da ya ci wa mai shi watanni da maƙudan kuɗi yakan faɗi warwas a wannan kasuwa. Dalilin haka yana da alaƙa da ilmin halittu fiye da yadda ake zato.

Itacen Da Ke Tashi Sama

Ƙashin jikin yawancin waɗannan jirage katakon balsa ne, haɗe da falankin katako mai sirara. Balsa itaciya ce ta dazuzzukan tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, kuma ƙasar Ekwado ce ke samar da mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi. Masana tsirrai suna kiranta Ochroma pyramidale, sun kuma sa ta a dangi ɗaya da rimi da kuka da auduga da kuɓewa. Duk wanda ya taɓa ɗaga busasshen reshen rimi ya ji rashin nauyinsa, to ya fara fahimtar balsa. Itaciyar tana saurin girma ƙwarai, har akan sare ta kafin ta cika shekara 10, kuma wannan gaggawa ce ta sa ƙwayoyin halittar jikinta suke da faɗi, bangonsu kuwa siriri. Tana ɗanya ruwa ne fal a cikinsu. Idan aka busar da katakon a tanda sai iska ta maye gurbin ruwan, ta yadda kusan kashi 9 cikin 10 na katakon iska ce zalla. Mita ɗaya ta kowace fuska ta balsa takan yi nauyin kilo 160 ko kusa da haka, alhali ruwa mai wannan yawa kilo 1,000 ne. Saboda wannan baiwa ne Ingila ta yi amfani da balsa wajen ƙera jirgin yaƙinta mai suna Mosquito a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai kuma wannan baiwa ita ce lagonsa, domin ramukan da suka sa shi sakayau su ne ke sa shi tsotse duk abin da ya taɓa shi kamar soso. Man inji da ke fita da hayaƙi, musamman man zurma da ake gaurayawa a makamashin wasu injuna, yakan ratsa ta ƙarƙashin ledar da aka lulluɓe jirgin da ita, ya jiƙa katakon, har gam ya daina kamawa. Haka nan idan an ajiye jirgi a ɗaki mai laima, har danshin katakon ya haura kashi 20 cikin 100, funfuna da danginta sukan samu wurin zama su shiga cin bangon ƙwayoyin. Duk wannan ɓarna a ɓoye take aukuwa, fenti yana ta ƙyalli a waje. Mai saye da ido kawai ya yi cinikin biri a sama.

Girma Da Nauyinsa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa abin ya fi tsanani ga manyan jirage? Tun a shekarar 1638 Galileo ya bayyana cewa idan aka ninka tsawon abu sau 2 ba tare da an sauya siffarsa ba, faɗin fuskarsa zai ninku sau 4, nauyinsa kuwa sau 8. Masanin halittu ɗan Ingila J.B.S. Haldane ya yi amfani da wannan ƙa'ida a 1926 wajen nuna dalilin da ya sa ɓera kan faɗo daga tudu ya tashi ya gudu, amma doki ya halaka. Ita ce kuma ta ƙayyade girman tsuntsaye masu tashi: mafi nauyinsu, irin manyan tuje, da kyar suke kai kilo 20. To, akwai jiragen kwaikwayo da suka haura wannan nauyi, ɗauke da injin fetur mai girman na ƙaramin babur. Tsagar da ƙaramin jirgi zai jure, a jikin babba ita ce ajalinsa.

Lissafi ya nuna cewa jirgi mai kilo 20 da ke gudun mita 30 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfin da ya yi daidai da buhun siminti mai kilo 50 da ya faɗo daga tsawon mita 18. Idan fukafuki ya ɓalle a sama, rayukan 'yan kallo ne a kan siraɗi. Wannan ne ya sa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, wato AMA, wadda aka kafa a 1936, ta shardanta a binciki duk jirgin da ya wuce kilo 25 kafin a yarda ya tashi a filayenta.

Sauran Abubuwan Da Ke Karya Farashi

Baya ga lalacewar katako, zamani ma yana da nasa hannu. Daga wajejen 2005 aka fara sauya rediyon sarrafawa zuwa zangon gigahaz 2.4, wanda ya kawar da matsalar rediyon wani ya kutsa cikin na wani, sai darajar tsofaffin akwatuna masu megahaz 72 a Amurka da 35 a Turai ta zube. Daɗin daɗawa, masana'antun Sin da Biyetnam suna fitar da jirage kusan a haɗe, saboda haka ba a cika biyan ladan gumin wanda ya sassaƙa nasa da hannu ba. Ga kuma wahalar aikawa, domin fukafuki mai mita 3 kuɗin dakonsa na iya cinye ribar cinikin. Dole mai saye ya zo da motarsa. Shi ya sa masu wayo sukan kwance jirgin, su sayar da inji daban, kayan lantarki daban, gangar jiki daban. Waɗanda abin ya fi shafa su ne magada, waɗanda mai gida ya rasu ya bar musu ɗaki cike da jirage, ba su san tarihin ko ɗaya ba.

Kammalawa

Gogaggen mai saye yakan yi wa jirgi irin binciken da likita ke yi wa majiyyaci. Yakan danna katakon da ke riƙe da inji da ɗan yatsa ya ji ko ya yi laushi, ya haska tocila cikin fukafuki yana neman sawun gyara, ya girgiza jela ya saurara, ya kuma sauya batura ko da an ce sababbi ne. Shi kuwa mai sayarwa na ƙwarai yakan faɗi sau nawa jirgin ya tashi, sau nawa ya faɗi, da inda aka ɗinke shi. Faɗin aibin haja yana iya rage 'yan kuɗi, amma ɓoye shi a irin wannan ciniki yana iya jawo asarar rai. Hausawa dai sun riga sun ce araha ba ta ado.