Mai kemis da ciwon da awo bai gani ba

Kasuwar mai kemis bayan magariba take ci. Da rana sai jefi-jefi: yaron da aka aiko da sunan magani a rubuce a tafin hannu, ko mai faci da ya yanke a yatsa. Amma da an idar da salla an kunna fitilar sola, benci ya cika ke nan. Lebura ya taso daga wajen gini, direban adaidaita ya ajiye mashin, matan da rana ba ta bar su fita ba sun yafo mayafi. Na sha zama a gefen kantar wani aminina a unguwarmu a Kano, kuma duk wanda ya yi irin wannan zama na mako guda zai lura cewa akwai koken da ya fi kowane yawa a bakin masu zuwa, wato ciwon jiki.

"Likita, jikina ne duk babu daɗi, kamar an kwana ana duka na." Shi ba likita ba ne. Ya sani, su ma sun sani, amma sunan ya riga ya bi shi.

Sana'ar a shago ake koyonta, kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci. Yaro yakan fara da shara da goge kanta, sannan a bar shi ya riƙe almakashi yana yanka katin magani biyu-biyu ga wanda kuɗinsa bai kai na kati guda ba. A hankali ya haddace mazaunin kowane kwali, ya iya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya saba da rubutun likitoci mai kama da tafiyar kiyashi. Bayan wasu shekaru ubangida ya sallame shi da ɗan jari. A yanzu da yawa daga masu buɗe shago sun bi ta makarantun koyon aikin lafiya, aikin gwamnati bai samu ba, suka kafa kanta. Lasisi daga hukumar PCN mai kula da harkar magunguna yake fitowa, kuma iyakarsa a fili take: magungunan da ba su buƙatar takardar likita kawai, babu allura, babu ƙarin ruwa. Yadda ake kiyaye wannan iyaka a lungu kuwa, kowa ya san labule na bayan kanta ba don ado aka sa shi ba. Sari a da a Sabon Gari ake yi, kafin a tashi 'yan magani a 2024 zuwa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya. Ribar kowace ƙwaya ba ta taka kara ta karya ba, yawan ciniki ne ke riƙe shago. Sai kuma littafin bashi, wanda babu kemis ɗin unguwa da ba shi da shi.

Abin da ya fi fita da dare shi ne haɗi. Mai shago ya ɓallo farasitamol, ya ƙara diklofenak ko ibufurofen, ya jefa ƙwayar bitamin mai launi don ido ya gamsu, ya ƙulle a 'yar leda. Ga wanda ya wuni yana ɗaukar bulo, wannan yakan wadatar. Ya sha ya kwanta, gobe ya koma aiki.

Amma akwai wasu masu ciwon jikin da haɗi ba ya sallamarsu, kuma su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Aminin nawa yana gane su tun kafin su buɗe baki, don kuwa ya gan su shekaranjiya, ya gan su makon jiya. Ciwonsu ba ya zama wuri ɗaya. Yau kafaɗa ce ta riƙe, jibi ƙugu, gata ƙirji ya yi nauyi kamar an ɗora dutsen niƙa. Wata ta ce tsakiyar kanta zafi yake kamar an zuba barkono. Wani ya ce wani abu ne ke yawo a ƙarƙashin fatarsa kamar tsutsa, daga ƙeya ya gangaro baya. Ga faɗuwar gaba ba dalili, ga kasala tun da safe kafin a taɓa aikin komai. Yawancinsu sun zo da takardun awo a ninke cikin jaka. An duba maleriya babu, an auna jini lafiya, hoton ƙirji fes. Sau da yawa gwajin Widal ne kaɗai yake "nuna wani abu", shi kuwa gwaji ne da ya shahara wajen nuna taifot ga wanda ba shi da ita a ƙasashe irin namu, inda jikin mutane da dama ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Sai a sha maganin taifot karo na uku. Ciwon ciki a kira shi olsa, na gaɓoɓi a kira shi sanyi. In duk an gaji, a ce sammu ne ko iska, a nufi wajen ruƙiyya, ko a kira wanzami ya yi ƙaho.

Ciwon nan ba ƙarya ba ne, kuma ba raki ba ne. Wannan shi ne abin da dangi suka fi kasa yarda da shi. Ƙwaƙwalwa ba karɓar saƙon zafi kawai take yi ba. Tana da jijiyoyin da ke sauka ta laka suna rage ƙarfin saƙon kafin ya iso, kamar mai gadin da ke tace masu shiga. Sinadaran da wannan mai gadi ke aiki da su, serotonin da noradirenalin, suna cikin waɗanda ke da hannu a yanayin zuciyar mutum. Idan ciwon damuwa ya kama mutum, gadin ya yi sako-sako, sai ɗan motsin hanji ko gajiyar tsoka da a da ba a ji su zama ciwo na sosai. Mai fama da fargaba kuma jikinsa kullum a shirye yake kamar wanda kare ya biyo: tsokar wuya da kafaɗa a ɗaure, numfashi sama-sama, zuciya na dukan uku-uku. Wuni guda a haka ya isa ya sa ciwon kai, balle wata shida. Ƙara da rashin barci, wanda shi kansa yana sa jiki ya fi jin zafi. Jiki magayi, in ji Bahaushe, kuma a nan maganar ta zauna daram.

An daɗe ana ɗauka cewa mu 'yan Afirka ne muke kai damuwarmu asibiti da sunan ciwon jiki, Turawa kuwa su faɗe ta da sunanta. Tun 1960 wani likita, Raymond Prince, ya yi rubutu a kan ɗaliban kudancin Najeriya masu kukan zafin kai da jin abu na yawo a ciki idan karatu ya yi tsanani. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a cibiyoyi 15 cikin ƙasashe 14, har da Ibadan, wanda aka buga sakamakonsa a 1999, ya nuna abin ya game duniya. Cikin waɗanda aka tabbatar suna da ciwon damuwa, kashi 69 cikin 100 ciwon jiki kaɗai suka kawo wa likita. Da aka tambaye su kai tsaye game da halin da zuciyarsu ke ciki, kashi 11 ne kawai suka musa. Wato ba ɓoyewa suke yi ba, tambayar ce ba a yi musu. Wani abin da binciken ya gano ya fi jan hankalina: kawo kuka ta hanyar jiki ya fi yawa a wuraren da marar lafiya ba shi da likita tsayayye da ya san shi, kullum sabuwar fuska yake tararwa.

To, a unguwa wa ya san marar lafiya? Likitan babban asibiti yana da layin mutum sittin a ƙofa da minti kaɗan ga kowa. Mai kemis kuwa ya san matar nan tun tana amarya. Ya san an yi mata kishiya bayan ƙaramar salla, ya san ɗanta na fari ya tafi Libiya shekara biyu babu waya. Ya san dattijon can kayansa sun ƙone a gobarar kasuwa, shi ya sa sunansa ya shiga littafin bashi. Abin da likita zai yi wata yana tonowa, shi a gabansa aka yi.

Sai dai sana'ar tana jan sa wani gefen. Mai ciwon da ba ya warkewa shi ne kwastoman da ba ya yankewa, kuma babu mai shagon da ke son ya ce wa mai kuɗi a hannu "ba zan sayar ba", alhali akwai wani kemis ɗin taku hamsin gaba. Nan ɓarnar take. Diklofenak da ibufurofen in aka ɗore musu suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda, sai wanda aka laƙaba wa olsa ta ƙarya ya wayi gari da ta gaskiya. Shan maganin ciwon kai kusan kullum shi ma yana haifar da nasa ciwon kan. Daga nan mataki ɗaya ne zuwa tiramadol, wanda ke kwantar da ciwo ya kuma ɗan ɗaga zuciya, shi ya sa mai damuwa yake jin kamar ya samu abin da yake nema. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ake shan sa, har da Kano. An yi ta zagin matasa da matan aure masu shan kwalba, kuma ba na wanke kowa, amma ina da yaƙinin cewa wasunsu a bakin kanta suka fara, da kukan ciwon jiki da rashin barci.

Gwanintar aminina, a ganina, tana cikin tambaya ɗaya da yake yi idan fuska ta dawo karo na uku. Ba ya cewa "kina da damuwa?" Wannan tambaya amsarta a shirye take: "Alhamdu lillahi, babu komai." An horar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mai yawan kuka da halinsa ana ganin kamar bai yarda da ƙaddara ba. Ciwon baya kuwa babu mai zargin imaninka a kansa. Don haka sai ya jira benci ya ragu, ya sassauta murya: "Hajiya, barci fa, yana samuwa?" In ta ce tun ƙarfe biyu idonta biyu har kiran assalatu, sai ya bi da abinci, ya bi da ko har yanzu tana zuwa biki da suna kamar da. Ga namiji yakan fara da kasuwa: "Baba, yaya garin?" Galibi ba ya kai tambaya ta huɗu hawaye sun riga shi.

Daga nan aikinsa ya ƙare, kuma ya san haka. Ba shi da hurumin cewa wannan damuwa ce ba wani abu ba. Ciwon ƙirji mai sauka hannu, rama ba dalili, jini a bayan gida, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ciwon kan da ya zo farat ɗaya, waɗannan asibiti ne a daren, babu jira. Mutum kuma yana iya haɗa biyun, ga hawan jini ga damuwa. Wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa, ba ya barin sa ya tafi shi kaɗai, sai ya nemo wani nasa. Maganin da likitoci kan rubuta, irin amitiriftilin, yana da araha kuma yana taɓa ciwon da damuwar gaba ɗaya, amma ba na kanta ba ne: yakan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, yana busar da baki yana sa jiri, kuma in aka sha da yawa yana iya tsayar da zuciya. Ba kowa ma ke buƙatar ƙwaya ba. Wasu zama da wanda ya iya sauraro ne maganinsu.

Tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa shi ne mai wuya. A Kano ka ce wa mutum Dawanau, inda irin wannan asibiti yake, ka gama zaginsa. Haka Kware take a kunnen Basakkwace, haka Barnawa a Kaduna. Kalmar da ke faɗo wa kowa ita ce hauka, kuma uwa mai 'yan mata a gabanta ba za ta so a gan ta a wannan layi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutum sama da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, da shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan ciwo, duk suna nufin a kawo taimakon kusa da gida. Kafin ya iso kowace unguwa, aminina dabara yake yi. Ba ya ambatar sunan asibitin da ake tsoro. Yakan ce akwai likitan da ya ƙware a kan rashin barci da irin wannan ciwon mai yawo, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ya rubuta a bayan kwalin magani abin da za a faɗa in an shiga: wata nawa ana ciwon, awon da aka yi, barci, abinci, tunani. Ya kuma ce a tafi da 'ya ko ƙanwa.

Wajen ƙarfe goma da rabi yake jawo ƙofa. Ya ƙirga cinikin yini, ya ware kuɗin sari, ya buɗe littafin bashi yana bi da biro. Ran nan na ga ya tsaya a kan wani shafi da aka yi wata biyu ba a ƙara komai ba, na wata baiwar Allah da a da ba ta kwana uku ba ta aiko a ba ta haɗi ba. Na tambaye shi ko ta samu sauƙi ne. Ya ce shi ma bai sani ba. Ko dai ta je inda ya tura ta, ko kuma ta koma kemis ɗin bakin masallaci, inda ba a tambayar kowa yadda ya kwana.