Yadda na'urar busar da abinci ke aiki a gida

Shanya ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kilishi. Amma damina na hana ta, ga ƙura ga ƙuda. Nan ne na'urar busar da abinci ke da rana. Akwati ce mai farantai hawa-hawa, da abin ɗumama iska, da fanka mai korar laima waje.

Kayan lambu ba su da wuyar sha'ani. A yanka su kauri ɗaya, a baza ba tare da wani ya hau wani ba, a sa zafi wajen digiri 55 na Salshiyos har su yi ƙarau.

Nama shi ne abin lura. Zafin na'urar kaɗai ba lallai ne ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela ba. Shi ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ke ba da shawarar a fara dafa jan nama har cikinsa ya kai digiri 71, kaza kuma 74, kafin a busar. A ganina wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba. A cire kitse tas, domin shi ke fara yin ɗoyi. In naman ya bushe ya huce, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye inda babu danshi.