Ɗaga Kan Keke: Gyaran da Mahayan Madina Suka Fi Buƙata

Tsakanin Masallacin Annabi (SAW) da Masallacin Ƙuba tazarar kusan kilomita 3 ce, daga Masallacin Annabi zuwa Dutsen Uhudu kuwa kusan kilomita 5. Irin wannan tafiya ce mai keke ya fi yi a cikin Madina: gajera, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sau da yawa cikin jallabiya, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Amma da yawa daga kekunan da ke shaguna a yau ƙirar masu tsere ce ko ta masu hawan duwatsu, kansu a ƙasa, mahayi sai ya duƙa kafin hannunsa ya kai. A ganina, duk wanda ke hawa don zuwa masallaci ko kasuwa ko wurin aiki, ya kamata kan kekensa ya yi daidai da sirdi ko ya ɗan ɗara shi tsawo.

Dalilin yana jikin ɗan Adam. Idan mutum ya duƙa, nauyin ƙirjinsa da kafaɗunsa kan tafin hannu yake sauka. A gefen tafin, ta wajen ƙaramin yatsa, akwai jijiyar da idan aka daɗe ana danne ta, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sai su riƙa mutuwa, kuma likitoci sun daɗe da sanin wannan a wurin masu keke. Wuya ma yana shan nasa, domin wanda ya duƙa dole ya riƙa ɗaga kai ya ga gabansa. A garin da masu ziyara daga ko'ina cikin duniya ke cika hanya, tsofaffi da yara da masu keken guragu, mahayin da ke zaune a miƙe ya fi saurin hango wanda zai gitta masa. Ba banza ba kekunan haya na birane, har da waɗanda kamfanin Careem ya kawo Madina, ake ƙera su da kai a sama. Haka tsofaffin kekunan Raleigh da iyayenmu suka hau a Kano da Katsina suke, ga kuma mutanen Holan da har gobe a miƙe suke tuƙi.

Masu tsere za su ce miƙewa na sa mutum ya tare iska. Gaskiya ne, sai dai turjiyar iska da gudu take ƙaruwa: idan gudu ya ninka biyu, ita ninki huɗu take yi. Mai gudun kilomita 40 a awa dole ya damu da ita. Mai tafiyar kilomita 12 zuwa 15 kaɗan yake asara. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne nauyin da aka ɗauke daga hannu kan sirdi yake komawa, don haka siririn sirdi zai fara damun mazaunai. Maganinsa sirdi mai ɗan faɗi, kuma a fara daidaita tsawonsa kafin a taɓa kan, yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Tayar gaba ma tana rage kama ƙasa a hawa mai tsauri, shi ya sa ake ƙarawa santimita ɗaya ko biyu, a gwada, kafin a sake ƙari.

Yadda ake ɗagawar ya danganta da irin wuyan keken, wato ƙarfen da ke riƙe kan. A tsohuwar ƙira, wuyan yana zurawa ne cikin jikin keke, da dogon noti ɗaya a samansa. A sassauta shi, a ɗan buga kansa ya saki, a jawo wuyan sama. Akwai layi da aka zana a jikin ƙarfen, kuma wannan layin bai kamata ya fito fili ba ko kaɗan, domin wuyan da bai shiga sosai ba yana iya karyewa ana cikin tafiya. Sabuwar ƙira, wadda ta yaɗu tun shekarun 1990, ba ta jawuwa haka. Wuyanta maƙale yake da bututun da ya taso daga ƙafar gaba, da wasu zobba a sama da ƙasansa. Sai dai a mayar da zobban sama zuwa ƙasa, ko a kifa wuyan ya kalli sama, ko a sayi wani mai tashi. Wajen ɗaurewa, notin sama ake fara ja har girgiza ta ɓace, sannan na gefe.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayoyin birki da na giya. Kai ya tashi, su tsawonsu bai ƙaru ba. Kafin a hau, a juya kan dama da hagu har ƙarshe. Idan waya ta ɗame ko birki ya kama da kansa, a kai wa mai gyaran keke ya sa doguwa. Daga nan a matse tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan da ƙarfi, idan ya motsa, ɗaurin bai yi ba.