Hawan Dutsen Bagazam: inda geron Damagaram yake ƙarasa tafiyarsa

Kowane makiyayi ya taɓa jin labarin dokin Bagazam, wanda sarakuna suke alfahari da shi. Amma ba kowa ya san Bagazam sunan dutse ba ne. Yana cikin ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas. A duk faɗin Nijar babu dutsen da ya kai shi tsawo. Ƙololuwarsa, wadda Abzinawa suke kira Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2022 bisa teku. Birnin Damagaram bai kai mita 500 ba. Duwatsun da ke unguwar Birni, in aka ajiye su kusa da shi, sai su zama kamar tsakuwa.

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisanat. Daga can kuma akwai sama da kilomita 100 kafin a kai Tabelot, garin masu lambun albasa da ke gindin dutsen.

Nan ne wahala take farawa. Bagazam tsaye yake kamar garu. Tsohuwar hanyar hawa ta ƙafa ce da jaki, tana bin tsagi tsakanin manyan duwatsu. Masu hawa su kan tashi da asuba, don rana in ta bugi dutse sai ya yi zafi kamar tanda. Kowa da sandarsa da salkarsa ta ruwa. Guzuri shi ne gari da cuku da dabino, a dama a sha.

Ba a yi wa jaki kaya irin na hanyar kasuwa. A kan rage mangala, a gyara akumari, a ɗaure sosai, don kaya in ya karkata zai ja dabba zuwa rami. Wani wuri sai mutum ɗaya ya ja jaki ta gaba, wani ya tura ta baya. Baƙo da ya saba da rairayi ya kan so ya yi sauri, nan da nan numfashi ya ƙare masa. Ƴan ƙasar kuwa a hankali suke takawa, ba su cika zama ba. Da damina hatsarin ya fi yawa: ruwa ya kan sauka can bisa, mai tafiya bai sani ba, sai ƙorama ta taso cikin tsagin da duwatsu da itatuwa. Shi ya sa ba a kwana cikin kwari, ko da a bushe yake.

Bayan awoyi da dama sai mashigin ya buɗe. Wanda ya waiwaya zai hangi ƙoramu can ƙasa sun yi kore da goriba da dabino, raƙuma kuma kamar tururuwa. Ta gabas ne Tenere take, hamadar da ayarin gishiri yake ketawa zuwa Fashi da Bilma.

Abin mamaki, bisan dutsen fili ne mai faɗi, da ƙauyuka da masallatai da garken awaki. Akwai idanun ruwa da rijiyoyi. Ana noman alkama, masara, tumatir, tafarnuwa da dankalin turawa. Mata suna tsinko ganyayen magani. Sanyi kuwa ba a magana. Da hunturu ruwan da ya kwana waje ya kan wayi gari ya daskare. Wanda ya hau babu bargo, ya sha wuya.

Duk da wannan albarka, gero shi ne abincin gida, kuma daga kudu yake zuwa. Tun zamanin sarakunan Damagaram na da, Abzinawan Kel Ewey suke ɗauko kantu da dabino daga Bilma, su gangaro Damargu, Damagaram, Tasawa har Kano. Su kan sauke raƙumansu a gonaki bayan girbi, dabbobi su ci kara, gona ta samu taki. Bature Barth ya bi irin wannan ayari daga Abzin, ya iso Damargu a farkon 1851. Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa, motoci kuma sun karɓi wani sashe na fataucin, amma cinikin bai mutu ba.

Saboda haka manomin Mirya ko Matamai da ya auna wa Ba'abzine tiya goma ta gero, wataƙila hatsin nan sai ya yi wata da watanni bisa raƙumi, sannan a juye shi a mangalar jaki, a hau da shi Bagazam.