Ibrahim Tanko Muhammad: Daga Doguwa Zuwa Kujerar Alƙalin Alƙalai

An haifi Ibrahim Tanko Muhammad ranar 31 ga Disamba 1953 a Doguwa, cikin ƙaramar hukumar Giade ta jihar Bauci. Ya kammala sakandaren gwamnati ta Azare a 1973, ya karanci shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya fi karkata ga shari'ar Musulunci, ya zama cikakken lauya a 1981.

Bai daɗe yana tsaya wa masu ƙara ba. A 1982 ya zama majistare, a 1991 aka naɗa shi Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Bauci, bayan shekara biyu ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Shekara 13 ya yi a can kafin a ɗaga shi Kotun Ƙoli. Ba kasafai ake ganin wanda ya bi ta kotun shari'ar Musulunci ya kai ƙololuwa haka ba.

Hawansa babbar kujera ya zo da ƙura. Ranar 25 ga Janairu 2019, ana saura makonni kaɗan zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen kan batun bayyana kadarori, ya rantsar da Tanko riƙon ƙwarya. 'Yan adawa da ƙungiyar lauyoyi suka yi ca. A watan Yuli aka tabbatar masa da muƙamin.

Aikin ba zaman kotu kaɗai ba ne. Alƙalin Alƙalai shi ke shugabantar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda sai da shawararta shugaban ƙasa da gwamnoni ke naɗa manyan alƙalai ko cire su. A kotu kuwa, shi ya jagoranci zaman da ya kori ƙarar Atiku Abubakar kan zaɓen shugaban ƙasa a Oktoba 2019, da wanda ya ba Hope Uzodinma, da ya zo na huɗu a ƙuri'u, kujerar gwamnan Imo a Janairu 2020. Har yau ana ka-ce-na-ce kan wannan hukunci.

A Yunin 2022 alƙalai 14 na Kotun Ƙoli suka rubuta masa takardar ƙorafi kan gidaje, motoci da man janareta. Ranar 27 ga watan ya ajiye aiki bisa dalilin rashin lafiya, Olukayode Ariwoola ya gaje shi. Murabus ɗin ya ba shi kujera a Majalisar Magabata ta Ƙasa, inda tsofaffin Alƙalan Alƙalai ke ba shugaban ƙasa shawara kan afuwa, ƙidaya da lambobin girmamawa.