Ƙaba Ba Abin Kunya Ba Ce: A Gyara Ta Tun Da Rani

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani ciwo da ke damun mazaje da yawa a ƙungiyoyinmu na Wusasa da ƙauyukan kewaye, amma ba a cika faɗinsa a taro ba. Mutum yana huɗa ko yana ɗaga buhun masara, sai ya ji nauyi a gefen mara, wajen matsematsi. Kwana biyu sai ya ga wani ƙullutu ya fito. Daga nan sai zullumi: ko hanjina ne ya lalace? Ko mugun ciwon nan ne na daji?

Mene ne ƙaba?

Bangon cikin mutum kamar buhu yake, hanji kuwa yana ciki. A matsematsi akwai wata 'yar hanya wadda 'ya'yan maraina suka bi suka sauka tun yaro yana cikin uwa, don haka wurin ba shi da ƙarfi. In ya buɗe, sai hanji ya leƙo ta nan ya tura fata. Wannan ita ce ƙaba. In ta daɗe takan gangara har cikin maraina, sai a ce gwaiwa. Masana sun ƙiyasta cewa cikin maza 100, wajen 27 za su gamu da ita a rayuwarsu, mata kuwa wajen 3. Aiki mai nauyi, tari mai daɗewa, da yunƙuri wajen bayan gida ko fitsari, duk suna ƙara tura ta waje.

Alamarta ita ce: tana fitowa in an tsaya ko an yi tari, tana komawa in an kwanta. Amma ba kowane kumburi ne ƙaba ba. Kaluluwa takan tashi saboda miki a ƙafa, ba ta kuwa komawa ciki. Akwai kuma gwaiwar ruwa, wadda ruwa ne ya taru, ba hanji ba. Likita ne zai rarrabe.

Ranar da ba a jira

Ƙofar da hanji ya fita tana iya shaƙe shi, kamar yadda igiya ke shaƙe akuya a turke. Jini ya daina zuwa, cikin 'yan sa'o'i sai wannan yanki na hanji ya fara ruɓewa. Ga alamun:

1. Ƙullutun ya yi tauri, yana zafi ƙwarai, ya ƙi komawa.
2. Amai da kumburin ciki.
3. Ba bayan gida, ba fitar iska.

In aka ga haka, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi abinci ko jiƙo, kada a danna da ƙarfi, kada a kira wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. Jiran gari ya waye ya sha cin rai.

To, babban hanji fa?

Hankalinku ya kwanta: ƙaba ba ta rikiɗa ta zama ciwon daji. Rami ne a bango, ba cuta a hanji ba. Ciwon babban hanji yana da nasa alamu dabam: jini a bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya sāke wa mutum hali har makonni, rama ba dalili, da ƙarancin jini. Sau da yawa basir ne ko atini ko tsutsar ciki, kuma duk suna da magani. Amma kada mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa basir ne, musamman wanda ya haura shekara 45. A je a auna. Ciwon dajin hanji in an gano shi da wuri ana yin nasara a kansa.

Abin da ke taimakon hanji yana gonakinmu: wake, dawa da gero waɗanda ba a surfe su fes ba, zogale, rama, kuka, gwanda, da shan ruwa isasshe. Wanda cikinsa ba ya tauri ba ya yunƙuri, ƙabarsa ma ta sami sauƙi.

Maganinta

Babu sassaƙe, babu ƙwaya, babu ɗamara da za ta rufe ramin ƙaba a jikin babba. Fiɗa ce kaɗai. Tun wajen 1887 wani likitan Italiya mai suna Bassini ya nuna yadda ake ɗinke wurin ya riƙe, yau kuma sau da yawa ana shimfiɗa wata raga a ciki don ƙarin ƙarfi. A duniya ana yin irin wannan aiki fiye da miliyan 20 kowace shekara. Akan yi shi ma da allurar kashe zafi a wurin kawai, mutum ya koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Aiki mai nauyi sai bayan 'yan makonni, yadda likita ya ce.

Mu nan ba mu da hujjar nisa. Tun da mishan ta taso daga cikin birnin Zariya ta zauna a Wusasa a 1929 aikin jinya yake tare da garin nan, kuma daga nan ne Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya fito. Ga Asibitin St. Luke a ƙofar gida, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Aikin ƙungiya

Abu biyu ke hana manomi zuwa: kuɗi, da tsoron barin gona. Shawararmu ita ce a shirya aikin bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu, domin kafin ruwan shuka ya sauka mutum ya warke. Kowace ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin kaka a matsayin asusun jinya, a ba da rance ga mai bukata. In kuwa ciwon ya kama wani da damina, a yi masa gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabanni, ku karanta wannan a taronku na gaba, da ƙarfi, don waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Wanda ke da ƙullutun nan kada ya jira ya shaƙe. Fiɗar da aka shirya ta fi ta gaggawa sauƙi, ta fi ta araha.